Yadda ake haɗa maket na takarda a kai shi wajen baje koli bai lotse a hanya ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tebur a ranar baje koli ya san tambayar farko da ɗan kallo yake yi, zai sunkuyo ya ƙura ido ya ce "malam wai wannan da gaske takarda ce?" sannan kafin ka ba shi amsa ya riga ya miƙo yatsa zai taɓa. To wannan tambayar ita muke nema. Idan mutum ya hango maket ɗinka, wato ƙaramin samfurin gini ko mota da ka haɗa, daga nesa ya gane kwali ne nan take, akwai inda aka yi sake, kuma yawanci wuri uku ne: ko ba a yi awo ba, ko an bar farin bakin takarda a waje, ko kuma abin ya ji jiki a hanya kafin ya iso. Na daɗe ina wannan sana'ar ta wasa a nan Garwa, tun muna yara muna yanka gwangwanin madara muna yin tirela, har na koma takarda saboda ba ta yanke min yatsa kuma ba ta cin kuɗi, don haka zan bi da ku daki-daki yadda nake yi.

Da farko dai kar wani ya raina abin ya ce aikin 'yan firamare ne. Turawa sun daɗe a kai, a Faransa kamfanin Pellerin na garin Epinal ya fara buga takardun yankawa a haɗa gini tun ƙarni na 19, a Jamus akwai Schreiber, a Foland kuma mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957 kuma dattawa masu furfura ne suke zama su haɗa jirgin ruwa mai gutsattsari dubbai. A Ingila ƙungiyar masu haɗa maket ta IPMS, wadda aka kafa a 1963, tana yin babban taronta a Telford duk watan Nuwamba, mafi yawan kayan na roba ne amma masu takarda ma suna da teburansu. Mu nan Kamaru abin da muke da shi shi ne baje kolin makarantu a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu, da ɗan abin da cibiyoyin al'adu da masu sana'ar hannu suke shiryawa, amma idon mai kallo iri ɗaya ne ko a Telford ko a unguwar Rumde Ajiya ta nan Garwa.

Zaɓen abin da za ka gina

Shawarata a nan ba kowa take yi wa daɗi ba: ka bar jirgin yaƙi da hasumiyar Faris tukuna. Na san akwai su kyauta a intanet, shafin Canon Creative Park ma kaɗai ya ishe ka shekara kana bugawa, kuma babu laifi ka haɗa ɗaya ko biyu don hannunka ya faɗa. Amma ranar baje koli abin da yake tsayar da mutane shi ne abin da suka sani. Ka ajiye ɗakin ƙabilar Musgum irin na garin Pus, ko rumbu, ko zauren lamido, ko kwale-kwalen masunta na Lagdo, ko tirelar auduga, ko gadar Ngeli da ta haɗa Kuseri da Njamena, za ka ga dattijo ya tsaya yana nuna wa jikansa yana cewa irin ɗakin da aka haife ni ke nan. Kuma wata fa'idar ita ce za ka iya zuwa da ƙafarka ka auna, ba sai ka dogara da zanen wani ba.

Ni a wannan jagorar zan yi misali da ɗaki zagaye mai jinka, irin wanda yake cike da ƙauyukanmu, don a cikinsa akwai duk darasin da ake buƙata, akwai naɗi akwai tsini akwai ƙofa. Daga baya zan taɓo na Musgum ga masu ƙarfin hali.

Awo da ma'auni, wato eshel yadda malaman lise suke cewa

Nan ne mutane suke gudu don akwai lissafi, alhali lissafin bai fi na mai sayar da atamfa ba. Idan aka rubuta 1:50 ana nufin santimita 1 a kan teburinka daidai yake da santimita 50 a zahiri. Shi ke nan. Duk abin da ka auna ka mayar da shi santimita ka raba da 50. Mutum mai tsawon mita 1.70 zai dawo santimita 3.4. Layin dogon da ya taso daga Yawunde ya ƙare a Ngaundere faɗinsa mita 1 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a 1:50 ya zama santimita 2 cif.

Masu takarda suna da ma'aunan da suka saba da su, jiragen sama 1:33, motoci da tankoki 1:25, manyan jiragen ruwa 1:200, gine-gine kuma daga 1:100 zuwa sama gwargwadon girmansu. Ga gidajenmu na ƙasa ni 1:50 na fi so, bai cika tebur ba kuma bai yi ƙanƙantar da za ka nemi tabarau ba. Abu ɗaya dai, duk abin da zai hau kan faranti ɗaya, wato allon da maket yake zama a kai, dole ma'auninsu ya zo ɗaya, na sha ganin gida mai kyau an ajiye masa akuyar roba da ta fi ƙofa tsawo, sai duk wahalar ta tashi a banza.

Ka ɗauki mita ɗin tela ko na magina ka je wajen ɗakin, ka nemi izinin maigida mana kar a ɗauke ka mai leƙen asiri, ka auna faɗi da tsawon bango da ƙofa da yadda jinka ta zarce bango. Inda hannunka bai kai ba ka tsayar da ƙaninka da ka san tsawonsa a jikin bango ka ja baya sosai ka ɗauki hoto, daga hoton sai ka kwatanta.

Mu ce ɗakin faɗinsa mita 4, bango mita 2.2, jinka ta zarce da santimita 40 ta ko'ina kuma tsininta ya tashi mita 2. A 1:50 faɗi ya zama santimita 8, bango 4.4. Tsawon takardar da za ka naɗe ta zama bango shi ne 8 sau 3.14, wato 25.1, ka ƙara santimita 1 na wajen manni. Jinka ita ce take ba yara wahala. Daga tsakiya zuwa baki mita 2.4 ne, ya zama 4.8, tashi kuma 4. Gangaren jinkar sai ka nemo shi da lissafin Fitagoras ɗin da ka ɗauka ba zai taɓa yi maka amfani ba: 4.8 sau 4.8 a haɗa da 4 sau 4 ya ba da 39.04, tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, kusan 6.25. Ka buɗe kompa santimita 6.25 ka zana da'ira. Sannan 4.8 a raba da 6.25 a ninka da 360 zai ba ka digiri 276 da 'yan kai, ma'ana ka yanke yanki mai digiri 84 ka cire, kamar an yanki ɓaren kankana, ka bar ɗan kunne na manni a gefe ɗaya. Kana haɗa bakin biyu hular ta fito daidai kan ɗakin. Wanda lissafin ya sha masa kai ya zana ɗakin daga gefe da ainihin girman maket ɗin ya ɗora rula a kan gangaren, 6.25 ɗin zai gani.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Kota, wato wuƙar yankan takarda, mai sabon kaifi ko reza, rular ƙarfe don ta roba kota tana cinye ta, ƙaramin almakashi, kompa, raporta na auna digiri, bik da tawadarsa ta ƙare, tsinken sakace, ɗan hantsaki irin na cire ƙaya, da wani abu da za ka shimfiɗa ka yi yanka a kai don kar uwargida ta kore ka daga teburinta. Gilashin tsohuwar taga yana yi amma yana dakusar da kaifi da wuri, kwali mai kauri ya fi.

Takarda kuwa sai an yi magana. Ta fotokopi giram 80 ce, wato nauyin murabba'in mita ɗaya nata, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, ba ta iya tsayuwa da kanta, amfaninta ƙananan naɗe-naɗe kamar sanduna da bututu. Jikin aiki yana son giram 160 zuwa 200, wato biristol ɗin da ake sayarwa a shagunan kayan makaranta. Ƙashin ciki kuma kwali mai kaurin milimita 1 ko fiye, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin takalmi ko na shayi duk suna yi. Kwalin taliya mai ramuka a ciki ka bar shi don akwatin ɗauka, bakinsa ba ya kyau.

Wani abu da ba a koyarwa: takarda tana da jijiya kamar itace. Ka ɗauki fefe ɗaya ka lanƙwasa shi a hankali ta tsawo, ka sake ta faɗi, za ka ji ɗaya ya fi laushi. Ta wajen laushin nan za ka naɗa bango, idan ka yi mata dole ta ɗaya gefen sai ta yi ta karyewa tana layi-layi maimakon ta zagaye sumul. A4 faɗinta santimita 21 tsawonta 29.7, kuma yawancinta ta fi son naɗuwa ta gajeren gefen, kun ga 21 bai kai 26 ɗin da muke nema ba, shi ya sa na fi son sayen babban fefen biristol in yanko yadda nake so, ko in yi bangon gida biyu in ɓoye mahaɗa ɗaya a bakin ƙofa ɗaya a baya.

Gam. Farin kol ɗin kafintoci shi ne sarki, yana kamawa da sauri kuma idan ya bushe ba a ganinsa. Na sanda irin na 'yan makaranta kar ka yarda da shi, zafin Maris da Afrilu a Garwa da yake haura digiri 40 yana sa shi ya saki. Sufa-gulu ɗigo ɗaya a kan siririn abu yana mayar da shi kamar ƙashi, amma yana barin tabo mai sheƙi don haka a ciki kawai. Ƙaro kuwa, wanda Cadi take cikin manyan masu fitar da shi a duniya, mun yi amfani da shi muna yara kuma yana manne takarda da takarda lafiya lau, sai dai idan ya bushe yana tsagewa kuma da shi da kokon sitaci kyankyaso da tururuwa suna ɗaukarsu walima. Aikin gwaji a yi da su, na baje koli a sayi kol.

Idan bugawa za ka yi

Wanda ya sauke zane daga intanet ko ya zana nasa a kwamfuta, akwai manhajar Pepakura Designer ta Japan da take warware siffa ta shimfiɗa ta a fefe har da kunnuwan manni, to ya tsaya a kan mai fotokopi ya tabbatar an buga a 100%, don injin yakan rage zane da kansa ya daidaita shi da shafi kuma ba zai gaya maka ba, sai ka zo haɗawa ka ga fefe na uku bai dace da na biyar ba. Ka zana layi mai santimita 10 a gefen kowane shafi, ana bugowa ka ɗora rula. Canza ma'auni ma raba lamba ne kawai, daga 1:33 zuwa 1:50 ka buga a 66%, daga 1:72 zuwa 1:50 a 144%. Duk shafukan a buga su rana ɗaya a inji ɗaya saboda launi. Firinta mai tawadar ruwa launinta yana narkewa idan jiƙaƙƙen yatsa ya taɓa, ta leza kuma launin yana fashewa a kan lanƙwasa, kowacce da halinta, ni na fi jure ta ruwa in dai hannuna a bushe yake.

Yanka da karya

Kafin ka yanke komai ka fara bin layukan lanƙwasa da mataccen bik ɗin nan a jikin rula, ka danna daidai yadda zai bar kwari ba tare da ya huda ba. Wannan shi ne bambancin kusurwa mai kaifi da kusurwa mai kama da kunnen jaki. Bayan nan ka fara yanke ramukan ciki, ƙofa da taga, tun fefen yana da faɗin riƙewa, sannan ka zagaye waje. Kota ba a danna ta, ja biyu ko uku marasa nauyi sun fi ja ɗaya na ƙarfi, kuma da ka ji takarda ta fara ja tana gashi ka karya bakin ka fito da sabo, rowar reza ita take ɓata aikin sati guda. Kar ka yanke duka gutsattsarin lokaci ɗaya, iskar hunturu tana shigowa ta taga sai ka neme su a ƙarƙashin gado. Wanda za ka manna yanzu shi za ka yanka, ka rubuta lambarsa a baya da fensir.

Naɗi: ka ɗora takardar a cinyarka ko a kan katifa ka murza ta da jikin bik ko ƙaramin bututu har ta naɗe da kanta ta wuce yadda kake so kaɗan. Ƙa'idar ita ce gutsure ya ɗauki siffarsa tun kafin gam ya taɓa shi. Gam riƙewa yake yi, ba ya gyara karkace.

Yanzu ga maganar da na fi nanatawa, bakin takarda. Duk inda ka yanka akwai farin layi siriri, kuma daga nisan mita biyu shi ido yake fara kamawa, gida ja amma duk kusurwa fari kamar an zana da alli. Kafin ka manna kowane gutsure ka bi bakinsa da fensir mai launi ko alƙalamin maka ko ɗan fentin ruwa mara jiƙa sosai, ka shigo ta baya don idan hannu ya goce tabon ya faɗa ciki. Launin ya fi jikin duhu kaɗan, kar ya fi shi haske. Idan ba ka da launin da ya dace toka-toka tana shiga ko'ina. Aiki ne mai gundura wallahi, ina yinsa ne ina sauraren rediyo, amma rabin kyawun maket a nan yake.

Haɗawa

Ka zuba ɗigon kol a kan murfin kwalba ka riƙa ɗiba da tsinken sakace, shafa siririya, idan ya ɓullo waje ya yi yawa. Ka matse da hantsaki ka ƙirga ashirin. Ka ajiye jiƙaƙƙen tsumma da busasshe a gefe don yatsunka, yawancin dattin da ake gani a jikin maket daga hannun maginin yake.

Kunnen manni da muka bari yana sa gefe ɗaya ya hau kan ɗaya ya yi tudu. Ga aikin baje koli gara ka yanke kunnen, ka manna wata siririyar takarda ta ciki rabi a nan rabi a can, bakin biyu su haɗu kai da kai. Mahaɗar sai an nema.

Ɗakinmu yana son ƙashi: ka yanka da'ira biyu na kwali mai kauri da za su shige cikin bangon daidai, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ka rage musu kaurin takarda kaɗan, su ne za su hana shi zama kamar ƙwai. Ga wani sirri kuma, biristol a 1:50 daidai yake da bango mai kaurin santimita 1, kuma babu ginin ƙasa mai wannan sirantar. Bango mai kaurin santimita 25 a maket milimita 5 ne, saboda haka ka zagaye cikin ƙofa da siririn kwali mai faɗin milimita 5, nan take ɗakin zai yi nauyi a ido ya daina kama da gwangwani. Cikin kuma ka shafa masa baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu don mai leƙe kar ya ga farin kwali da sunan kamfanin shayi.

Jinka ina yinta da takarda zalla idan gasar ta ce takarda kawai: in yanka siraran fefe masu launin ciyawa in tsattsaga bakinsu da almakashi kamar gezar rawani, in manna daga ƙasa zuwa sama kowane layi yana rufe rabin na ƙasansa, yadda masu baibaya suke yi. Idan an yarda da wasu kayan, zaren igiyar rama da aka warware ya fi kama. Ka tambayi masu shiryawa tun da wuri, kar ka gama a ce an cire ka saboda ciyawa.

Na Musgum fa? Waɗannan ɗakunan da suke yankin Pus da Maga da tsallaken Logon ta Cadi, wasunsu kan kai kusan mita 9, siffarsu kamar ƙwai da aka kafa, kuma takarda ba ta lanƙwasa ta gefe biyu lokaci ɗaya, don haka sai an yi su ɓare-ɓare kamar lemu. Ka zana ɗakin daga gefe, ka bi gantsarar da zare kana sa alama duk santimita 2, a kowace alama ka auna faɗin ɗakin ka ninka da 3.14 ka raba da 12. Idan gindin santimita 10 ne kowane ɓare zai zo 2.6 a ƙasa yana tsukewa zuwa sama. Ka yi guda ɗaya a kwali ya zama abin kwafa, ka fitar da 12, ka naɗa kowanne, ka haɗa su bibbiyu sannan hurhuɗu. Daɗin abin shi ne tudun nan da suke bin jikin ɗakin, waɗanda magina suke takawa su hau kuma suke karya gudun ruwan sama, su za su rufe maka mahaɗa. Ka murza takardar giram 80 ƙanana ka manna su layi-layi. Suna da yawa ƙwarai, ka sa yaran gida su taya ka murzawa. Kar ka manta ramin hayaƙi a ƙoli da ƙofar nan mai faɗi a sama tsukakkiya a ƙasa.

Faranti da yanayi

Maket ba ya zama a kan tebur tsirara. Ka samo guntun falanki wajen kafinta ko ka manna kwali uku, wanda ya fi ginin faɗi da kamar yatsu uku ta ko'ina don a sami wajen riƙewa. Idan ka manna takarda a fuska ɗaya ta kwali zai gantsare, ka manna wata a bayansa ka danne da littattafai ya kwana. Ƙasa kuma ta gaske ta fi, ka tankaɗe jar ƙasa ko yashin Binuwai da rariya, ka soya shi a tsohon kasko don ƙwari su mutu, ka shafa kol da aka sirka da ruwa ka barbaɗa.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin. A damina, musamman Agusta, takarda tana shan danshi ta yi laushi kol ya ƙi bushewa, a hunturu kuma kol yana bushewa a kan tsinke kafin ka kai shi, ga ƙura. Bikin Fabrairu a tsakiyar ƙura yake faɗowa. Feshin banish mara sheƙi sau biyu sama-sama yana taimakawa, daga nesa, kuma ka gwada a kan ragowar fefe tukuna don wani yana narkar da tawada.

Ɗauka zuwa wajen

Wannan darasin da hawaye na koye shi. Na taɓa kwashe sati shida a kan wani gida mai ɗakuna biyar da rumbu, na sa shi a kwali na cika da tsumma na shiga motar Marwa, yaron mota ya ce ba wuri a ciki sai sama, na yi ta roƙo ya ce "baaba kar ka damu", ashe buhun albasa aka ɗora a kai. Abin da na sauke ya fi kama da tabarma.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Akwatin ya fi maket tsawo da faɗin tafin hannu. Farantin nake ɗaurewa a gindin akwati da zare ta ramuka huɗu ko in tokare kusurwoyinsa da kwali, ginin kansa babu abin da yake taɓa shi, ba tsumma ba auduga, iska kawai. A yanka akwatin ya buɗe ta gefe don a zaro farantin kamar aljihun tebur maimakon a cusa hannu ta sama. Jinka da duk wani abu mai tsini ina barinsu ba manni, su tafi a ƙaramin kwali daban. A mota akwatin a cinyata yake ko da zan biya kujera biyu, a moto kuma ni ne a baya ina rungume da shi kuma ina gaya wa mai moton tun kafin mu tashi cewa ba sauri nake ba. Leda babba a kai saboda ƙura. Kar a bar shi a rufaffiyar mota a rana ko na rabin awa.

A aljihu: ƙaramin kol, tsinke, hantsaki, fensiran launin da ka yi aiki da su, da burushi mai laushi na share ƙura.

A kan tebur

Ka je da wuri ka zaɓi wajen da rana ba za ta biyo ba idan ta juya, tawadar firinta tana koɗewa. Shimfiɗa yadi mai launi ɗaya mara ado, baƙi ko shuɗi mai duhu, atamfa tana cinye maket. Tebur yawanci gajere ne mutane suna kallon rufi kawai, ka ɗora farantin a kan akwatin da ka zo da shi ka lulluɓe da yadin, ya taso kusa da ido. Ka ja shi baya daga bakin tebur da tsawon hannun yaro.

Ka rubuta ɗan kati: sunan abin, inda yake, ma'auni, irin takarda, da ko kai ka zana ko bugowa ka yi, wannan na ƙarshen a faɗi gaskiya don alƙalai suna ganewa. Da Faransanci da Hausa, a Njamena a ƙara Larabci, a nan kuwa layi ɗaya na Fulatanci yana sa tsofaffi murmushi. Ka tsayar da ɗan mutum na takarda mai santimita 3.4 a bakin ƙofa, ya fi kowane bayani nuna girma. Ni ina ajiye fefe ɗaya da ba a yanka ba a gefe da wani ɓare da na lalata, duk mai son taɓawa sai in miƙa masa wannan ya murza son ransa.

Masu duba aiki da suka san abin suna sunkuyawa ne su daidaita idonsu da farantin, suna neman bango ya tsaya a miƙe, gindi ya zauna ba rata a ƙarƙashi, ba tabon gam, ba farin baki, mahaɗa a rufe, bayan ginin ya samu kulawa kamar gabansa. Kai ma ka yi musu riga-kafi, daren jajibiri ka ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe ka zuƙo hoton, abin da idonka ya saba da shi ya daina gani waya za ta tona.

Idan an tashi ka share ƙurar da burushi kafin ka rufe, ka jefa ƙwayar kafur biyu a kusurwar akwati ba a jikin takarda ba, kuma a gida ka ɗora shi a saman kabad nesa da bango, don gara ba ta san sati shida ba.